Ƙarar da Ke Warkewa a Gareji

A wani ƙaramin gari can arewacin Kanada, a bakin wani tafki da ke daskarewa wata biyar a shekara har a bi ta kansa da abin hawa, akwai gidajen Hausawa guda huɗu. Gida huɗu bai kai unguwa ba, amma ya isa a samu shugaba, kuma an samu. Sunansa Dokta Mamuda, likita a asibitin garin. Shi ya riga kowa zuwa, shi ke jan salla duk ranar da aka taru a falonsa, shi ake kai wa takardar hukuma idan Turancinta ya yi kauri. Mutumin kirki ne, amma irin kirkin nan da ke zuwa da bayani. Idan ya ba ka shayi, sai ya gaya maka amfanin shayi. Idan ya ba ka maganin tari, sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Sau uku a rana, kada ka tsallake ko ɗaya. Matsalar mutanenmu ke nan, ba mu bin ƙa'ida."

Na ƙarshen zuwa shi ne Sallau, bakanike daga Funtuwa, wanda ya shekara ashirin da biyu yana gyaran babura da Keke Napep a ƙarƙashin bishiyar darbejiya. Gareji ɗaya ne a garin, na wata dattijuwa da ake kira Madam Odet, kuma ta ɗauki Sallau gwaji na wata uku saboda Dokta ya tsaya masa. Idan ya ci gwajin, aiki ya tabbata, ya fara shirin ɗauko matarsa da 'ya'yansa. Idan bai ci ba, garin ba shi da gareji na biyu.

Abin da aka fi kawowa garejin da sanyi shi ne babur ɗin ƙanƙara. Wanda bai taɓa ganinsa ba ya ƙaddara babur ne da aka cire wa tayoyi. A gaba an sa masa dogayen takalma biyu masu zamewa, a baya kuma wani faffaɗan bel na roba mai haƙora yana zagayawa kamar na katafila. Ranar da Sallau ya fara ganinsa ya zagaya shi sau biyu, ya ce ba komai, inji dai inji ne, kuma duk abin da ke juyawa yana magana. Hanyar aikinsa ke nan. Sai ya ɗora bakin doguwar sukundireba a jikin ƙarfe, ya kafa kunne a ƙotarta, ya lumshe ido. Madam Odet tana da kwamfutar da ake jona wa inji ta faɗi ciwonsa. Ta kalli sukundirebar Sallau na kwana uku, ta ga suna faɗin abu ɗaya da kwamfutar, sai dai sukundireba ba ta neman a sabunta mata manhaja. Ta ƙyale shi.

Dokta ma ya sayi irin wannan babur, saboda sau biyu a mako yana tsallaka tafki zuwa wani ƙauye duba marasa lafiya. Wata rana ya biyo ta garejin wajen ƙarfe biyu, ya tarar da Sallau kwance a ƙarƙashin wani babur, hannu duk baƙin mai.

"Sallau, ka yi Azahar?"

"Yanzu zan wanke hannu, Dokta."

"Kullum yanzu. Ni da ka gan ni nan, ko a tsakiyar tafki lokaci ya same ni, kashe inji nake yi. Butata ba ta rabuwa da ni. Tun daga Zariya na zo da ita."

Wannan magana ba Sallau kaɗai ya ji ta ba. Duk gidaje huɗun sun ji ta, wasu fiye da sau ɗaya. Malam Ilu, direban motar share ƙanƙara na garin, wanda shi ya ba ni labarin nan, ya ce shi kam har ya fara jin kamar ya taɓa gaisawa da butar.

Saura mako uku gwajin Sallau ya ƙare, sai Dokta ya shigo da babur ɗinsa, da takardu shafi goma sha huɗu da ya buga daga intanet.

"Yana ƙara," in ji shi.

"Wace iri?"

"Ƙarar bugu mai maimaituwa daga sashen watsa ƙarfi, a ƙaramin gudu."

"Dokta, yi mini ita."

Duk wanda ya taɓa kai abin hawa gareji a gida ya san wannan. Bakanike ba ya karɓar bayani, sai ka yi masa ƙarar da bakinka. Alƙali ya yi, kwamishina ya yi, babu wanda girmansa ya taɓa cetonsa. Dokta ya waiga ya ga Madam Odet tana kallo, ya gyara wuyan rigar sanyi, ya kumbura kumatu.

"Gwaf. Gwaf. Gwaf-gwaf."

"Ba kwas-kwas ba?"

"Gwaf na ce."

"Idan ka ba shi wuta fa?"

"Sai ta ɓace. A hankali kawai take yi. Shafi na uku ya ce sarƙa ce."

Sallau ya buɗe gidan sarƙa. Sarƙar ta ɗan saki, irin sakin da ba ya kai mutum gareji, amma ya ɗaure ta, ya sauya mai, ya rufe. Babur ya kwana a gareji. Da safe ya tayar da shi, ya zagaya fili a hankali sau shida. Shiru. Madam Odet ta hau, ita ma shiru. Dokta ya zo da rana ya hau, ya tafi gida yana murmushi, ya ce dama shafi na uku ya faɗa.

Washegari ƙarfe tara ya dawo.

"Gwaf," in ji shi tun daga bakin ƙofa, ba tare da sallama ba.

A karo na biyu Sallau ya ɗaga bayan babur ɗin a jak, ya bi ƙananan tayoyin da bel ke hawa ɗaya bayan ɗaya, yana juya kowacce da yatsa yana saurare. Ya duba boris na sandar da ke jan bel. Ya gwada tsaurin bel ɗin kansa, ko yana tsallake haƙori. Ya sami boris guda da ya fara tsufa, ya sauya shi duk da bai yi kama da mai laifi ba. Babur ya kwana. Da safe shiru. Dokta ya tafi da shi shiru. Kwana ɗaya ya dawo da gwaf.

A karo na uku aka kwance kulochi gaba ɗaya, aka baje shi a kan tebur kamar kayan lefe, aka wanke, aka mayar. Aka ɗaure kowane noti da ke riƙe da inji. Labarin bai sauya ba.

Ranar Laraba ta makon ƙarshe Dokta ya zo, bai zauna ba.

"Sallau, gyaran gida kake yi mini. Irin wanda ke raka mutum bakin ƙofa ya juya."

"Ranka ya daɗe, duk abin da na taɓa lafiya yake."

"To ni ne ba ni da lafiya ke nan? Kunnena ne ke gwaf?"

"Ban ce ba."

"Saurara. Ni na tsaya maka a wurin matar nan. Ranar Juma'a za ta tambaye ni yadda na ga aikinka, kuma ka san ni ba na ƙarya. Nan ba ƙarƙashin darbejiya ba ne. Nan ƙasar ƙa'ida ce."

Ya ajiye makullin babur a kan tebur, ya ƙara da shafi shida, ya fita.

Sallau ya zauna a kan wani tsohon batir yana kallon babur ɗin. A shekarunsa na aiki ya ga injin da ke ƙara da sanyin safiya, ya ga wanda ke ƙara idan ya yi zafi, ya ga wanda ba ya ƙara sai mai shi ya ɗauko surukinsa. Amma bai taɓa ganin wanda ke warkewa don ya kwana a gareji ba, ko an taɓa shi ko ba a taɓa ba. Ya tambayi kansa abin da garejin ke da shi wanda ƙofar gidan Dokta ba ta da shi. Ya duba sama, ya ga na'urar ɗumama ɗaki tana hura iska mai zafi, kamar yadda take yi dare da rana.

Ranar Alhamis da yamma ya tura babur ɗin waje, ya ajiye shi a bakin katanga.

Madam Odet ta leƙo. Ta ce shekara talatin tana wannan aiki, ba ta taɓa barin kayan mutane su kwana a waje ba.

"Madam, majinyacin nan a asibiti yake samun lafiya," in ji Sallau. "Ina so in gan shi a gida."

Ta dube shi, ta dubi babur, ta ce gobe Juma'a. Ya ce ya sani.

Da hantsi ranar Juma'a sanyi ya kai irin wanda gashin hanci ke daskarewa. Dokta ya iso, Malam Ilu ma ya tsaya da motarsa a bakin hanya, wai ya zo gaisuwa. Madam Odet ta fito da kofin kofi a hannu.

Sallau ya tayar da inji, ya bar babur a tsaye, ya murza totur. Ba gwaf. Ya ɗaga bayansa a jak, ya bar bel yana zagayawa a iska, a hankali, yana bin kowane ƙarfe da sukundireba. Ba gwaf. Ya sauke.

"Dokta, hau ka ja. A hankali, kamar kana bayan gawa."

Dokta ya hau. Sallau ya hau bayansa, amma ya juya masa baya, yana fuskantar inda suka baro, sukundireba a kunne. Suka soma tafiya. Ba su yi taku ashirin ba takalman gaba suka hau wani ɗan tudu.

Gwaf.

"Ka ji ko?" in ji Dokta da ƙarfi. "Ka ji ko?"

"Na ji. Kama birki."

Gwaf.

"Tashi."

Gwaf.

Haka suka zagaya filin sau uku, likita a gaba, bakanike a baya yana kallon baya, Madam Odet da Malam Ilu suna bin su da ido. Da suka tsaya, Sallau ya sauko yana murza kunne.

"Ƙarar nan ba ta bin inji," in ji shi. "Ba ta bin sarƙa, ba ta bin bel. Hanya take bi. Idan an hau tudu ta yi, idan an kama birki ta yi. Wani abu ne mai nauyi yake yawo."

"Shafi na sha ɗaya ya ce shokozoba."

"Shokozoba ba ta yawo."

Ya zagaya bayan kujera, inda akwai wani ɗan akwatin ajiya da kamfani ya yi a jikin babur ɗin. A bakin akwatin akwai ƙaramin kwaɗo mai ruwan zinariya, irin wanda ake sa wa jakar tafiya. Sau uku Sallau ya gan shi, sau uku bai tanka ba, don ya san ma'anarsa. Ya ɗora sukundireba a jikin akwatin, ya ce wa Malam Ilu ya girgiza babur.

Gwaf.

"Dokta, me ke ciki?"

"Takarduna. Ba ruwanka da nan."

Madam Odet ta tambayi dalilin kwaɗon. Ta ce a garin nan ko gida ba a cika kullewa ba. Dokta ya yi tari. Malam Ilu ne ya yi mata bayani cikin natsuwa, cewa a can inda suka fito ba a kai wa bakanike mota da but a buɗe, saboda sabuwar safaya takan tsufa a cikin wuni ɗaya, jak kuma yakan yi tafiya bai yi sallama ba. Ta ce to ai nan ba can ba ne. Malam Ilu ya ce e, amma bakaniken daga can yake.

"Ba ni makulli, ranka ya daɗe," in ji Sallau.

Dokta ya laluba aljihun rigar sanyi, na waje da na ciki. Ya laluba na wando. Ya zazzage zoben makullansa, ya gwada guda biyu. A ƙarshe ya ciro waya ya kira matarsa, Hajiya Balaraba, kuma da yake hular sanyi ta rufe masa kunnuwa, sai ya buɗe muryar wayar kowa yana ji.

"Balaraba, ina makullin akwatin babur?"

"Wane akwati, Abban Nusaiba?"

"Na bayan kujera. Ƙaramin makullin nan."

"Au, wannan? Ai yana jikin ƙusar kicin tun ranar da ka sayo abin nan. Wata biyu ke nan ba wanda ya taɓa shi. Har na rataya abin tace shayi a kansa. In aiko maka?"

"Bar shi," in ji Dokta, ya kashe waya.

Sallau ya nemi izini. Dokta ya ɗaga kafaɗa. Sallau ya tsinci wata 'yar waya a aljihu, ya lanƙwasa bakinta, ya zura a kwaɗon, kafin Madam Odet ta kai kofi baki ya buɗe.

"Ka ga dalilin," in ji Dokta ga Malam Ilu.

A cikin akwatin akwai littafin kamfani. Akwai sallaya, wadda da alama da ita aka naɗe wani abu tun farko, amma girgizar hanya ta zame ta ta koma gefe. A tsakiya kuma ga buta ta roba, mai ratsin kore da rawaya, irin wadda ke bakin kowane masallaci daga Sakkwato har Maiduguri. Cikinta ya kumbura. Sallau ya ɗauko ta da hannu biyu, ya juya bakinta ƙasa. Ko ɗigo bai fito ba. Ya ɗan buga ta a jikin akwatin.

Gwaf.

Ya sake bugawa, don adalci.

Gwaf.

Ya juya wajen Madam Odet ya yi mata bayani kamar yadda ake yi wa mai gareji. Idan babur ya kwana a ciki, zafi ya narkar da ƙanƙarar, buta ta koma roba da ruwa, ba ta da abin cewa. Idan ya kwana a ƙofar gidan Dokta, ta wayi gari dutse. A guje ƙarar inji takan danne ta, a hankali kuma sai a ji ta.

Madam Odet ta karɓi butar, ta auna nauyinta a hannu, ta juya ta tana duban hancinta. Ta tambaya ko ta shayi ce. Malam Ilu ya ce a'a, ta alwala ce, da ita ake wanke hannu da fuska da ƙafa kafin salla, kuma wannan ta musamman ce, tun daga Zariya ta zo, ba ta rabuwa da mai ita. Ya faɗi haka yana kallon sama.

Ta mayar wa Sallau butar. Ta ce kwamfutarta da ta yi shekara ba ta gano wannan ba. Ta ce daga Litinin ya zo da kofinsa na shayi ya ajiye a kan shiryayye tare da na sauran, kuma ba ta ga abin da za ta tambayi kowa ba. Ta koma ciki.

Dokta Mamuda ya tsaya yana gyara safar hannu. Ba mutum ne da ke barin wuri ba tare da ya rufe taro ba. Ya tattara takardunsa shafi ashirin, ya daidaita bakinsu a kan kujera, ya yi gyaran murya.

"To, alhamdu lillahi. A kimiyyance dai ban yi nisa da gaskiya ba, na ce daga baya ƙarar take. Amma Sallau, gano ciwo rabin aiki ne. Ƙwararre yana ba da rigakafi. Me za a yi kada abin ya dawo?"

Sallau ya goge butar da tsumma, ya miƙa masa da hannu biyu, sannan ya ɗaga yatsa.

"Sau biyar a rana, Dokta. Kada ka tsallake ko ɗaya."